Kafar da Ma'aji Ya Liƙe

Ba don ya taɓa riƙe asusun wata ƙungiya ake ce masa Ma'aji ba. Malamin lissafi ne a makarantar sakandare. Mahaifiyarsa, Inna, ita ta raɗa masa sunan tun yana ƙaramin yaro, saboda duk abu mai kyau da ya shigo hannunsa, to ajiya ce makomarsa. Ya girma, furfura ta fito masa a gemu, halin bai sake shi ba. Kujerun falonsa har yau suna cikin ledar da aka kawo su da ita, in mutum ya zauna su yi ta ƙara, in ya tashi ledar ta biyo shi. Rimot ɗin talabijin ma a leda yake. Yana da takalmi sabo fil a kwali wanda tafinsa ya fara marmashewa bai taɓa taka ƙasa ba. In matarsa ta yi magana sai ya ce ajiya maganin wata rana, ita kuma ta ce to Allah ya sa ranar ba ta riga ta zo ta wuce suna barci ba.

Shi kansa ya san abin dariya ne, ba ya musu. In abokan aiki suka fara tsokanarsa a ofishin malamai, shi yake taya su, har ya ƙara musu da labarin da ba su sani ba. Sai dai in an gama dariyar ya koma gida, ya gyara wa rimot ledarsa.

Yayarsa mace, wadda kowa a gidan yake kira Yaya, ma'aikaciyar jinya ce a wata ƙasa mai nisa, irin nisan da sai an sauya jirgi a hanya. Wannan ne zuwanta na farko tun bayan rasuwar Inna bara. Ta zo da tsaraba iri-iri, amma abin da ya fi tsaya wa Ma'aji a rai wata 'yar baƙar ma'ajiya ce da ba ta fi sabulun wanka girma ba, irin wadda ake jona ta da kwamfuta da igiya. A cikinta akwai duk hotuna da bidiyon da Yaya ta ɗauki Inna shekara da shekaru, don Yaya irin mutanen nan ce da ba a cin abinci a gabansu sai sun ɗaga waya. A da Ma'aji yana yi mata tsiya a kan wannan hali. Yakan ce ga Inna nan a kusa, in yana son ganinta ai mota zai hau, me zai yi da hoto. Yanzu ga shi ba shi da muryar Inna ko ta minti ɗaya, kuma kwanakin baya ya yi ƙoƙarin tuna yadda take dariya, abin ya ƙi zuwa masa. Wannan bai faɗa wa kowa ba.

Tun ranar da ta sauka Yaya ta ce ya ɗauko laftof ɗinsa ya kwafe. Ya ce akwai lokaci, ai irin wannan aiki natsuwa yake so. Aka yi ta zirga-zirgar gaishe-gaishen dangi, yau gidan Kawu, gobe gidan Gwaggo, natsuwar ba ta samu ba. Sai ga shi an wayi gari ranar tafiya. Akwatuna biyu a tsaye bakin ƙofa, an yi da mai tasi zai zo da la'asar ya kai ta filin jirgi, rana kuma har ta take tsaka.

“Ki bar mini ita mana, Yaya,” in ji shi. “In na gama sai in ba wani mai tafiya ya kawo miki.”

Yaya tana durƙushe tana fama da zif ɗin jakar hannu, ko ɗagowa ba ta yi ba. “In bar maka? Ka naɗe ta a leda ka tura ƙarƙashin gado, sai jikokinmu sun tono ta? Kuma ita ke nan gare ni, ba ni da wata. Tare muka zo, tare za mu koma. In za ka kwafa ka kwafa.”

Ya shiga ɗaki ya fito da laftof ɗin. Ya zaro shi daga jaka, sannan ya zaro shi daga rigar matashin da yake sa shi a ciki kafin ya sa a jakar. Duk 'yan takardun da kamfani ya manna a jikinsa suna nan ba a ɓanɓare ko ɗaya ba. Ya ɗora shi a teburin falo, ya karɓi ma'ajiyar hannu bibbiyu, ya soka igiyarta a kafar gefen hagu, wadda kullum yake amfani da ita har bakinta ya yi fari. Kwamfutar ta yi ɗan ƙara alamar ta gane baƙuwa. Ya ga folda an rubuta mata Inna, ya danna kwafa.

Wani ɗan koren layi ya fito a fuskar kwamfutar, siriri kamar tsinken sakace. A ƙarƙashinsa aka rubuta saura awa bakwai da wani abu.

Malamin lissafi ba ya buƙatar alli kafin ya san awa bakwai ba za ta shiga tsakanin azahar da la'asar ba. Ya ɗan juya laftof ɗin yadda Yaya ba za ta hango ba.

“Yaya ake ciki?” ta tambaya.

“Yana tafiya.”

“Zai gama?”

“Ai waɗannan na'urori da farko sukan tsorata mutum. In ta ɗau zafi sai ki ga ta zabura.”

Ba ta zabura ba. Ya zuba wa koren layin ido, layin ya zuba masa. Awa bakwai ta koma shida, ya fara murna, sai ta yi tsalle ta koma takwas. Ya rufe duk abin da yake buɗe a kwamfutar. Ya ɗaga ma'ajiyar ya ɗora ta a kan littafi wai ko za ta fi shan iska. Ya kashe fanka, sannan ya tuna fanka ba ruwanta da maganar, ya sake kunnawa.

Abin haushin shi ne Ma'aji ya san maganin. Ba rashin sani ba ne, da rashin sani ne ma da sauƙi. A gefen dama na laftof ɗin akwai wata kafa guda wadda cikinta shuɗi ne. Ranar da ya sayi laftof ɗin mai shagon ya nuna masa ita da bakin biro, ya ce, “Malam, ka ga wannan shuɗiyar? Ita ce mai gudu. Sauran biyun nan ta ninka su goma.” Ma'aji ya ji daɗin maganar ƙwarai. Yana isowa gida ya yanko baƙin salatif ya liƙe bakin kafar tsaf, kada ƙura ta shiga, kada yawan sokawa da zarewa ya sa ta yi sako-sako. Ya bar ta sai ranar da babban aiki ya taso. Tun daga nan yake kwafe sakamakon jarrabawar ɗalibai da kafar hagu, yana jira yana kaɗa ƙafa, zuciyarsa fari ƙal don ya san yana da mai gudu a ajiye.

Ya kai hannu gefen dama ya shafa salatif ɗin. Ya janye hannun. Wata zuciyar ta ce masa to in ba yau ba yaushe, ɗayar kuma, wadda ta fi daɗewa tare da shi, ta ce ai ya riga ya fara da ta hagu, katse aiki a tsakiya ba kyau, ƙila ma abin ya lalace. Ya san ƙarya ce. Amma ƙarya ce mai daɗin zama, sai ya zauna a kanta.

Matarsa ta shigo da faranti, ta leƙa ta bayan kafaɗarsa kafin ya kare.

“Malam, awa shida na gani ko idona ne?”

Yaya ta saki jaka ta taso. Ta sunkuya ta karanta, ta miƙe ta dubi agogon bango, ta dube shi.

“Sannu ba ta hana zuwa, Yaya,” ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

“Ƙarasa karin maganar mana. Sai dai a daɗe ba a je ba. Ni kuma jirgi ba ƙanin babana ba ne da zai tsaya jirana.” Ta ja kujera ta zauna kusa da shi, leda ta yi ƙara. “A can gida 'yata ta zuba wannan foldar cikin ma'ajiyar nan kafin mu gama cin abinci da wanke-wanke. Mene ne ya sami taka kwamfutar? Ko tsufa ne?”

“Tsufa? Ai kamar sabuwa take.”

“Wannan kam na gani.”

Ta zaro tabarau ta sa, ta jawo laftof ɗin gabanta tana duba gefe da gefe kamar yadda take duba majinyaci. Ta bi igiyar da yatsa har inda ta shiga. Ta zagaya dama. Yatsanta ya tsaya a kan salatif.

“Wannan fa? Ciwo ta ji aka ɗaure mata?”

Matar Ma'aji ta ajiye farantin a hankali, ta jingina da bango, ta harɗe hannuwa, irin tsayuwar wanda ya daɗe yana jiran a zo wannan shafin.

“Kafa ce,” ya ce.

“Ta lalace?”

“Lafiyarta ƙalau. Ita ce ma mai gudun.”

“Ita ce mai gudun.” Yaya ta maimaita a hankali. “Ka kuma liƙe ta.”

“Kada ƙura ta shiga.”

“Kana ajiyarta.”

“Saboda babban aiki.”

Yaya ta cire tabaran ta riƙe a hannu. Sai dariya ta ƙwace mata, irin wadda ba ta fita da sauti da farko, sai kafaɗu kawai ke rawa. Matarsa ta taya ta. Shi ma da ya ji maganar ta fito daga bakinsa ta zauna a tsakar falo kowa yana kallonta, sai ya ga girman wautar, ya dafe goshi yana dariya har idonsa ya kawo ruwa.

“Wallahi ni ma na ji abin da na faɗa,” ya ce. “Ku yi dariyarku, na cancanta. Da a aji ɗalibi ya ba ni wannan amsar, da waje zan kora shi.”

“Ma'aji, Ma'ajin Inna.” Yaya ta share ido da gefen mayafi. “Wane babban aiki kake jira? Ko sai gwamnati ta aiko ka kwafe mata ƙidayar jama'a? Uwarka ce a cikin abin nan. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ɓare.”

Ya tsayar da kwafar. Ya bi ƙa'ida ya sallami ma'ajiyar daga kwamfutar kafin ya zare igiya, don ko gobara ake yi Ma'aji ba zai fizge igiya haka kawai ba. Ya sa farce a gefen salatif ɗin. Shekaru sun sa ya kama jikin laftof ɗin kam, sai da ya yi ta ƙwaƙula kafin ya ɗago, ya bar danƙo baƙi a wurin. Ga kafar nan, shuɗiya shar, ko ƙwayar ƙura babu. Har ga Allah sai da ya ji wani ɗan alfahari ya taso masa, ya yi maza ya danne shi. Ya manna guntun salatif ɗin a gefen tebur.

Ya duba bakin igiyar ma'ajiyar, ya ga ashe shi ma cikinsa shuɗi ne. Tun ɗazu abin yake gaya masa inda yake so a kai shi. Ya soka, ta shiga da ɗan tauri irin na sabon abu. Ya sake danna kwafa, ya ce ta tsallake waɗanda ta riga ta ɗauka.

Koren layin ya motsa yadda ido yake iya gani. Sunayen hotuna suka riƙa wucewa da gudu, mutum bai gama karanta ɗaya ba wani ya ture shi. A ƙasa aka rubuta saura awa ɗaya da 'yan mintuna.

Ma'aji ya yi ɗan lissafi a ka. “Amma mai shagon nan ya zuga ta. Ninki goma ya ce mini. Wannan bai fi huɗu ko biyar ba.”

Yaya ta yi masa wani kallo, irin wanda take yi masa tun suna yara, ya mayar da idonsa kan koren layin.

Suka yi salla, suka ci abinci, Yaya ta sake buɗe akwati ta rufe. Kafin inuwa ta gama juyawa a tsakar gida koren layin ya kai ƙarshe ya ɓace. Ma'aji ya buɗe foldar a kwamfutarsa ya gangara ƙasa, ya gangara, ba ta ƙare ba. Ya sallami ma'ajiyar, ya naɗe mata igiyarta da kyau, ya miƙa wa Yaya. Ga sauran lokaci a hannunsu, abin da ba su yi zato ba.

“Buɗe ɗaya mu gani ko sun kwafu daidai,” in ji Yaya. Ta miƙa yatsa. “Wancan. A nan gidan na ɗauke shi, zuwana na ƙarshe. Kana makaranta ranar.”

Ya danna. Falonsa ya fito a fuskar kwamfutar, wannan falon da suke zaune a ciki, labule ɗaya, agogo ɗaya. Ga Inna a kan doguwar kujera, ta zauna a baki-baki saboda santsin leda, ƙafafunta ba su gama kai ƙasa ba. Tana riƙe da kofin roba ruwan ɗorawa, wanda yara suke sha da shi, tana hura shayi. A bayanta kabad ɗin gilashi ne, a ciki kofunan tangaran farare masu bakin zinariya a jere, kowanne a kife kan 'yar tasarsa.

Muryar Yaya ta fito daga bayan wayar. “Inna, ba ke kika saya masa kofunan can ba da ya tare a gidan nan? Ki ce a zuba miki a ciki mana.”

Inna ta waiga ta dubi kabad ɗin, ta juyo. “Rabu da shi. Na manyan baƙi ne. Ni ai 'yar gida ce.”

Sai ta yi dariya. Ita ce dariyar da ya yi ta nema ya rasa, mai farawa da ɗan tari, ta ƙare da “kai, kai.” Ma'aji ya ji ta har cikin ƙirjinsa.

“Tun yana yaro haka yake,” Inna ta ci gaba. “In an ba ku alewa, ke kafin a juya kin cinye taki. Shi sai ya kai tasa bayan tukunya ya ɓoye, kullum ya je ya leƙa, har tururuwa ta gaje shi. Ya zo yana kuka.” Ta kurɓi shayi. “Ba rowa ba ce, kar ki ce rowa. Abin ne in yana sonsa sai ya ji tsoron taɓawa. Kada ki nuna masa wannan fa, kunya zai ji. Rana yake jira. Allah dai ya nuna mana ranar.”

“Amin,” in ji muryar Yaya, hoton ya girgiza, ya tsaya.

Matar Ma'aji ta sunkuyar da kai. Yaya tana kallon hannuwanta.

“Na manta da abin da ta faɗa a ƙarshen,” ta ce a hankali. “Da ban zaɓi wannan ba.”

Ma'aji ya ɗaga ido ya dubi kabad ɗin na gaske. Kofunan suna nan yadda suke a bidiyon, ko ɗaya bai gusa ba. Sau nawa Inna ta zo gidan nan, sau nawa ta zauna a bakin kujerar nan, shi kuma yana ta jiran babban baƙo. Kunya ta kama shi, da baƙin ciki, su biyun a lokaci guda, bai san wanda zai fara ji ba.

Ya miƙe ya shiga ɗaki. Suka ji yana jan durowa, yana rufewa, yana jan wata. Mabuɗin kabad ɗin ma a ajiye yake, cikin ambulan, cikin aljihun wata riga da ba a taɓa sawa ba. Ya fito da shi, ya buɗe, ƙofar gilashin ta yi ƙara don ba ta saba ba. Ya ɗauko kofi uku da tasoshinsu. A gindin kowanne takardar shago tana nan manne.

“Ɗora mana ruwan zafi,” ya ce wa matarsa.

Shi ya wanke kofunan da kansa. Ana cikin zuba shayi mai tasi ya iso ya danna hon a ƙofar gida. Yaya ta leƙa ta taga ta ɗaga masa hannu ya ɗan jira, ta dawo ta zauna, ta karɓi kofinta da tasa, ta ɗaga ɗan yatsa sama irin na manyan mutane.

“Yau ni ce babbar baƙuwa ke nan.”

“Ke ce, Yaya.”

Ta kurɓa, ta ɗan yi tunani. “Ka san wani abu? Ɗanɗanon ɗaya ne da na kofin roba.”

“Na ji,” in ji shi. “Shi ne ma abin haushin.”

Suka yi dariya, ba mai yawa ba. Hon ya sake tashi. Aka fitar da akwatuna, aka yi sallama a bakin mota, Yaya ta ja kunnensa kamar ba mai furfura ba, ta ce ya riƙa kiranta, kada ya ajiye kiran sai wata rana. Ya tsaya har motar ta sha kwana.

Da ya dawo falo matarsa tana tattara kofuna a faranti. Ta nuna kabad da haɓa.

“In na wanke in mayar?”

“Kai su kicin, wajen sauran. Bar mini nawa, ban gama ba.”

Ya zauna gaban laftof ɗin. Guntun salatif yana nan a gefen tebur inda ya manna shi, hannunsa har ya kai kansa don sabo. Ya ɓanɓaro shi, ya dubi shuɗiyar kafar, ya murza salatif ɗin tsakanin yatsu ya zama ɗan ƙwallo, ya jefa a faranti. Sannan ya mayar da bidiyon farko. Inna ta sake zama a bakin kujera, ta sake hura shayinta a kofin roba, ta sake yin dariya. Ya riƙe kofin tangaran da hannu biyu, shayin ya riga ya huce.

“Allah dai ya nuna mana ranar,” in ji Inna.

Ma'aji ya ce amin, a makare kamar yadda ya saba.